Bidon ɗin Biba Masu Shan Ruwa

Maganar a tashar manyan motoci ta tashi, kafin azahar ta zagaye Agadas: wai bidon ɗin Biba, jarkokin robar da take sayarwa, shan ruwa suke yi. Chaibou, shofer ɗin da ke bin hanyar Djado, shi ya fara kawo ta. Motarsa ta mutu a tsakiyar hamadar Tenere, ruwan da ya lissafa zai kai su kwana huɗu ya ƙare a na uku, ba don Allah ya jefo wata mota ba da sai dai labari. Daga nan kowane shofer ya tuna shi ma ruwansa ya taɓa gazawa, kuma duk a rumfar Biba suke sayen bidon.

Masana suka yi yawa. Wasu suka ce aljanun hanya ke karɓar rabonsu. Wasu suka ce ai Biba ce, dubi idonta. Wani da ya taɓa zuwa Libiya ya rantse cewa akwai robar da ake yi da ƙishirwa a cikinta. Sandikan shofer, wato ƙungiyarsu, ya kafa komite, komite ya zauna kwana uku, ya yanke hukunci: ran Litinin, kafin ayari ya tashi, Biba ta kwashe rumfarta ta bar tasha.

Ran Alhamis Biba ta zo wurin Madam Tabawa tana kuka. Tabawa ta shekara talatin da biyu tana koyar da kimiyyar physique a kolej kafin ta yi ritaya, rabin shofer ɗin tashar sun sha ranƙwashinta. Tun tana budurwa take da ciwo ɗaya: in aka ce mata "an ce", sai ta tambaya wa ya auna.

"Share hancinki," ta ce. "Cikin masu rantsuwar nan akwai wanda ya auna?"

"Madam, wa zai auna? Shugaban sandika Inoussa da kansa ya ce gaskiya ne."

"Inoussa? Wanda ya ce mani litar da kilo wa da ƙane ne? Aiko mani da bidon sababbi uku."

Ta auna su da kwalbar litar ɗaya, kowane ashirin cif. Ta zubar a gindin dabino, ta cika su kuma, ta bar su kwana guda. Ba wanda ya kurɓi ko cokali. To, ba aljani, ba Biba. Amma Chaibou ba maƙaryaci ba ne, ta san shi, ko satar amsa bai iya ba. Sai ta ɗauki sandarta ta nufi tasha ta ga abin da ke samun bidon tsakanin rumfar Biba da motar.

Ta tarar da komite a zaune, ana tafasa shayi na uku, ana ƙara tattauna abin da aka riga aka yanke. Benci babu. Al'adar tasha ce: shofer ya sayi bidon tun ran Alhamis, a ɗinke masa buhu a jiki don ruwa ya yi sanyi, sannan ya kwantar da shi fanko a rana, ya zauna a kai yana jiran Litinin. Ta tsaya ta daɗe tana kallonsu, musamman Inoussa, wanda Allah ya yi wa arzikin jiki.

Ta koma gida. Ta juye bidon ɗinta uku. Ɗaya ta bar shi haka nan. Ɗaya ta kwantar a inuwa ta sa aka aza masa kantun gishiri huɗu. Na ukun ma kantu huɗu, amma a tsakiyar rana.

Ran Litinin da hantsi tasha ta cika. Inoussa na bisa bidon ɗinsa da takarda a hannu, Biba na tsaye gefen kayanta da ta fara ɗaurewa.

"Madam, barka da zuwa," ya ce. "Amma wannan harkar sandika ce, ba ajin lakwal ba."

"Na sani, ɗana. A lakwal ai sai an yi aune kafin a ba da sakamako."

Ta sa aka jera bidon ɗin uku, aka yi ta zuba kwalba, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi kamar ƴan aji. Na farko ashirin. Na inuwa sha tara da rabi. Na rana, wanda cikinsa ya lotsa kamar an naushe shi, sha takwas.

"Roba kamar zare ce a cukurkuɗe," ta ce. "In ka danne ta ka ɗaga nan take, ta dawo. In ka danne ta kwana da kwanaki, zaren ya riƙa zamewa a hankali, zafi kuma ya ƙara masa gudu. Ka ɗaga, ba ta dawowa yau, sai ta ga dama, kuma ba duka ba."

"To mu wa ya aza wa namu gishiri?" in ji Inoussa. Aka yi dariya.

"Tashi."

"Madam..."

"Debout, Inoussa!"

Shekara hamsin da biyar gare shi, amma ƙafafunsa sun gane muryar kafin kansa. Chaibou ya zaro wuƙa ya farke buhun. A jikin robar ga loɓa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, fes, kamar an buga hatimi. Aka auna: sha bakwai da kwata.

Can shofer ɗin suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na shafa bidon ɗinsa ta bayan buhu yana kallon wani wuri. Inoussa ya naɗe takardarsa, ya yi gyaran murya, ya sanar cewa bisa sababbin bayanai an ɗage hukunci, kuma za a kafa ƙaramin komite kan batun benci. Biba ta fara kwance ƙullin kayanta.

Wani daga baya, wanda bai ga kome ba, ya ɗaga murya: "Madam, to wai wa ke shan ruwan?"

"Ba wanda ya sha," in ji Tabawa. "Bai taɓa shiga ba. Kun zauna a wurinsa."