Makullin Sabon Asibiti

"Buɗe mana, don girman Allah!" na ce wa mai gadi, ina jijjiga ƙyauren sabon asibitin unguwarmu. "Baba Magini ne, numfashinsa ya sarƙe!"

Ya miƙe daga benci, ya dafe aljihun da makullin ke ciki. "Yaya, wallahi ba ni da iko. An ce ko tsinke kada ya fita sai babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle."

Wata bakwai ke nan da gama ginin. An yi fenti, an kawo gadaje, ana ta ɗage ranar buɗewa saboda baƙon bai samu sukuni ba. Ta taga ma kana hango silindar oksijin guda biyu, a tsaye cikin ledarsu.

Baba Magini kuwa katanga ce kawai ta raba gidana da nasa, ƙofarsa na kallon asibitin. Shi ya jera bulon ginin nan tun daga tushe. Shekara arba'in yana shaƙar siminti, ƙirjinsa ya gaji. Da hantsin nan ya faɗi a tsakar gida, Inna matarsa ta ƙwala mini kira. Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke layinmu, ta duba shi ta ce, "Oksijin yake buƙata yanzu. Ku kawo silinda ɗaya, na iya ɗaurawa."

Mai gadi ya kira shugaban kwamitin asibitin, ya miƙo mini wayar.

"Baiwar Allah, ki fahimta," in ji shugaba. "Idan aka ɓare ledar, me za mu nuna wa baƙo? Sai a ce tsohon kaya muka sayo. Ku kai shi babban asibiti."

"Tafiyar awa biyu ce, ranka ya daɗe! Mutum ne fa yake mutuwa!"

"Allah ya ba shi lafiya." Ƙit, ya kashe.

Raina ya ɓaci iya ɓaci. Na sunkuya na ɗauki dutse zan fasa kwaɗon, sai mazan layi suka tare gabana. Mai shago ya ce, "Haba, Yaya! Kina fasawa za a ce mun ɓata kayan gwamnati, a fasa buɗe mana gaba ɗaya." Maza goma sha, kowa na ba ni haƙuri, babu mai karɓar dutsen ya buga. Tir!

Na koma gidan a guje. An jingina Baba da buhun yashi a zaure, Inna na yi masa fifita da murfin kwano, leɓɓansa sun yi duhu. Ashe ya ji hayaniyar.

"'Yar nan," ya ce da ƙyar, "kada ki fasa ƙofar. Ni na dasa ta. Ta zauna daidai."

"Baba, ana ta ranka kana ta ƙofa?"

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Kafin motar hayar da aka kira ta shigo layin, Sista ta saki hannunsa ta shafe masa ido. Har yau ina jin haushin kaina da na ajiye dutsen nan.

Kwana huɗu da rasuwar, muna zaune da Inna, sai aka yi sallama. Wata mata ce mai rigar masu shara, riƙe da bokiti biyu.

"Ku yi haƙuri, Inna, ku taimaka mana da ruwa. Gobe baƙo zai zo, za mu wanke asibiti, kuma famfon ciki ba a jona ba."

Na buɗe baki zan zazzage ta, Inna ta dafa gwiwata. Ta tashi a hankali, ta karɓi bokitin, ta buɗe durom ɗin da Baba ke tara ruwan kwaɓa siminti. Ta shiga kamfata da kofi, ɗaya bayan ɗaya, har bokitin farko ya cika.