Zane Uku a Gindin Filta

Ranar kasuwar Tsanyawa, Alhaji Tajuddeen mai gyaɗa ya tsaya a bakin garejina, injin motarsa yana ƙas-ƙas kamar keken ɗinki. Shi ne fa ya ce mu kanikawan ƙauye injin niƙa kaɗai muka iya, ya kai motar tasa Kano aka yi mata sabis.

"Dallatu, ɗan saurara mini," ya ce, yana kallon gefe.

Kanikawan Kano sun wanke injin fes, sai ƙyalli. Na ɗora sukuddireba a kansa, na kara kunne. Tafet ne ke kuka, 'yan ƙarafan nan na saman inji, baƙin mai ba ya kaiwa gare su. Na kwance filtar mai, ta toshe da dauɗa, na miƙa masa.

"Sabuwa ce! Har kwalinta suka nuna mini."

Na goge gindinta, na nuna masa zane ukun da nake yi da ƙusa a duk filtar da na ɗaura.

"Alhaji, tawa ce da na ɗaura maka bara. Wanka kawai ka kai motarka Kano, ga rijiya a ƙofar gidanka."