Yatsun Magini

Mu uku muka tashi tare: ni mai gyaran agogo, da Magini, da Mai Gilashi, wanda karatu ya kai ƙasar waje shekara talatin ke nan. Bana ya aiko mana da takardar gayyata, saboda idonsa na mutuwa.

"Inuwa kawai nake gani, ita ma likita ya ce wata uku ya rage mata," in ji shi a waya. "Kai dai ko ta tafi zan gane ka da surutu. Shi kuwa gunkin nan da ba ya magana, hannu kawai zai miƙo. Duk duniya babu tafin hannu mai kaushin nasa."

Muka cike fom, muka ɗauki hoto, muka tafi ofishin biza, wani ɗaki mai sanyi da kujeru a jere. Ma'aikaciyar ta sa na ɗora yatsu a kan gilashin na'ura, nan take fitila ta yi kore. Da Magini ya ɗora nasa sai ta yi ja. Aka goge gilashi, aka gwada yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, ja dai.

"Baba, wane aiki kake yi?"

"Gini."

Ta juyo mana da allon. Babu zane ko ɗaya, sumul kamar bangon da aka yi wa filasta.

"Siminti ya cinye zanen," ta ce. "Ka huta mako uku, kana shafa mai, ka dawo. In bai fito ba, takardunka za su bi wani layi, shi kuma yakan ɗauki wata shida."

Ni da Magini mun san idon Mai Gilashi ba shi da wata shida.

An ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, amma namu zomon sai da zama. Mutumin da bai taɓa hutun kwana biyu a jere ba ya tare a benci cikin shagona, hannuwa a cinya kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai. Ina tsokanarsa, yana hararata. Kullum da safe nakan maƙala madubin aikina a ido in duba babban yatsansa, in ce masa tukuna.

Ran kwana na goma sha biyu na duba, bakina ya mutu. Wasu siraran layuka ne suka taso, sun fi gashi siranta, suna zagaye juna har tsakiya, babu wanda ya hau kan ɗan'uwansa. Na buɗe cikin agogo ya fi dubu, ban taɓa ganin aiki mai kyan wannan ba. Babu wanda ya zana su, kuma kowanne ya san hanyarsa.

"Mutumina, lafiya? Yau kai ne da shiru?"

Na miƙa masa madubin. Ya daɗe yana kallo.

Da mako uku suka cika muka koma. Fitila ta yi kore, yatsan ya fito a allo ya kai faɗin faranti. Magini ya cire hula bai sani ba.

"'Yata, wannan nawa ne?"

"Naka ne, Baba. Babu mai irinsa a duniya."

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Shekara arba'in ina goge shi, ashe yana nan ƙasa yana jirana."

Da muka fito na nufi hanyar gida, shi kuwa ya miƙe wajen ginin da ya bari. Na bi shi ina mita. Ya naɗe hannun riga, ya sunkuci bulo da tafinsa tsirara, ya dire, ya ɗauki wani.

"Haba, bayan duk wahalar nan?"

"Na'ura ta riga ta gane ni," in ji shi. Ya kalli tafinsa da ya yi laushi kamar na jariri. "Saura Mai Gilashi. In na miƙa masa wannan hannun, cewa zai yi ba ni ba ne."