Kujerar Elnathan

Lamine ya murɗa makulli, motar ɗaukar yara ta makarantar Islamiyya ta tashi lafiya lau, shi ma ransa fes. Wata huɗu ya yi yana zaman kashe wando kafin wannan safiya. Shekara bakwai yana tuƙa motar wata makarantar coci a garin Summerfield, sai sababbin shugabanni suka kawo takarda, wai kowane ma'aikaci ya sa hannu cewa addininsu yake bi. Bai sa ba, suka sallame shi. Lauyan da ya gani ya ce doka ta hana korar mutum saboda addininsa, amma ta ɗaga wa gidajen addini ƙafa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

To, ga shi Allah ya musanya masa, kuma a cikin 'yan'uwa. A gefensa Elnathan ne zaune, direban da zai gada, wani dogon mutumin Kafanchan mai yawan dariya, yana nuna masa hanya.

"A titin Gate City kar ka tsaya gaban shagon nama," in ji Elnathan. "Maman Anissa ba ta son 'yarta ta tsallaka titi. Zagaya ta baya."

"To, dakor, na ji."

"Buta da darduma suna bayan kujera. In titin Wendover ya cushe da yamma, nakan shiga wurin fakin in tsaya manyan yaran su yi la'asar. Sai ka sa ido, rabinsu alwalar kyanwa suke yi."

Lamine ya yi dariya har da dukan sitiyari. Mutumin ya kwanta masa a rai.

"Kai fa, Malam? Wani babban wuri ka samu ke nan?"

"Ina dai nema," in ji Elnathan. "Sha kwanar nan."

* * *

Bayan azahar Lamine ya tari Alhaji Rufa'i, shugaban kwamitin makaranta, a bakin masallaci.

"Alhaji, laifin me Elnathan ya yi aka sallame shi?"

"Ko ɗaya. Mutumin kirki ne. Amma da muka ji abin da aka yi maka, kwamiti ya ce namu yana zaune, me ya sa za mu bar wa wanda ba Musulmi ba? Mun tambayi lauya, doka ta ba mu dama." Ya dafa kafaɗarsa cikin fara'a. "Ai kai ka san dokar."

"Na san ta," in ji Lamine.

* * *

Washegari ya shiga motar shi kaɗai. Yana son aikin, kuma kunya ta ishe shi. Jiya da yamma Elnathan ne ya mayar da motar, kujerar tana nan yadda ya bar ta, can baya, daidai dogayen ƙafafunsa. Lamine ya miƙa ƙafa, da ƙyar yatsunsa suka taɓa birki.

Ya daɗe da hannu a ƙarfen ƙarƙashin kujera. Bakwai saura kwata, Anissa tana jira a bayan shagon nama.

Ya jawo kujerar gaba.