Ihun Wendell

Shekara talatin Wendell yana zama a kujera ɗaya a filin wasan ƙwallon Amurka na garinsu, kuma ya san ƙa'ida sarai. In ƙwallo na hannun 'yan gida kowa shiru yake yi, don ƙattin nan biyar na layin gaba su ji kiran mai jifa, wanda ke ba su umarnin farawa.

Amma bana ƙattin sun ishe shi. Ran Lahadi sau huɗu suka bari aka kayar da mai jifa. Da ya rage minti ɗaya, tazarar yadi guda kacal 'yan gida ke nema su matsa gaba, sai Wendell ya miƙe ya auna mafi girmansu.

"Halvorsen, buhun dankali! Kakata ma ta fi ka iya tare hanya!"

"Baba, zauna mana," in ji 'yarsa Marcy, tana jan rigarsa. "Mu ke da ƙwallo fa!"

Ina! Na kusa suka ɗauka, ihu ya zagaye fili. Halvorsen bai ji kira ba, ya zabura kafin lokaci. Alƙalin wasa ya jefa ƙyallen rawaya na alamar laifi, aka mai da su baya yadi biyar, wasa ya kuɓuce.

Ran Talata rediyo ya ce ƙungiya ta sallami Halvorsen. Wendell ya daɗe yana juya waya a hannu, sannan ya buga wa gidan rediyon, aka sa shi a shirin.

"Ba laifin yaron ba ne. Ni na fara ihun."

Mai shirin ya tuntsire da dariya. "Haba dattijo, mutum dubu sittin ne a filin! Wa ke biye a kan layi?"

Aka katse shi, bai ma faɗi sunansa ba.