Giɓin da ke Gindin Bango

"Mutumin nan ya fi sanin matattu a kan masu rai," in ji mai shagon bakin titi, yana gyara zama a kan bencin masu ta'aziyya. Tela ya ce ai ko sannu ka yi wa Mai Agogo sai ya tambaye ka sunan kakan kakanka, in ba ka sani ba ya dube ka kamar wanda ya fito ba wando. Aka ɗan yi dariya, sannan aka tuna inda ake, aka ce Allah ya jiƙansa.

Ƙanin mamacin, ɗan kwangila, ya share ido da hankici. "Yayana masani ne. Ba mu san darajarsa ba." A hammatarsa akwai wata doguwar takarda a naɗe, sabuwa fil daga wurin masu ɗab'i.

Ina bakin ƙofata ina jin su. 'Yar marigayin, wadda duk gidan hayarmu ke kira Nas saboda aikinta na asibiti, tana bakin famfo tana wanke kofunan shayi. Kofi ɗaya ta riƙe tana ta cuɗawa, ya daɗe da fita.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na marigayin, wanda ake kira Mai Agogo saboda sana'arsa ta gyaran agogo. Ta ɓangarena labule ne da madubi. Ta ɓangarensa kuwa bishiya ce ya zana da gawayi, tun daga daɓe har rufi, kowane reshe da sunan mutum. Can ƙasa, daidai inda tsintsiya ke gogar bango, akwai kakansu na farko, Mai Rijiya, wanda Mai Agogo ya ce ya rayu wajen shekara ɗari shida da suka wuce. Taƙi ɗaya sama da shi akwai Gajere, jikansa. Tsakaninsu fili ne fari. Kowa ya yarda Gajere jikan Mai Rijiya ne, amma ɗan wane ne, babu wanda ya sani.

Duk damina danshi kan hau gindin bangon ya cinye sunayen farko. Duk rani ya durƙusa ya maido su, ya sake barin filin nan yadda yake.

Da girmana na shiga makarantar manya, don haka da idonsa ya fara dushewa sai ya riƙa ƙwanƙwasa bango, in zagayo in karanta masa. Ina hawa kujera in kai can sama. Ga reshen ɗan kwangila da 'ya'yansa maza biyar, sai ka ce tsefe. Ga nasa sunan a gefe, reshe guntule. Ranar farko na ce, "Ina Nas?"

"Ba a sa mata," ya ce. "Ci gaba."

Nas tana 'yar shekara sha biyar uwarta ta kwanta ciwon ajali. Shi kuwa yana can wani ƙauye mai nisa, wai an ce masa akwai tsohuwar da ta san abin da ke cikin giɓin. Yarinyar ce ta rufe wa uwarta ido. Ya dawo an riga an binne, ya karɓi gaisuwa, washegari ya durƙusa gaban bangonsa. Da ya tsufa ciwo ya kwantar da shi, ita ce dai ta bar ɗakinta a can kusa da asibiti ta dawo ta shimfiɗa katifa a ƙasa, ƙafarta na taɓa Mai Rijiya.

Sau ɗaya ta taɓa yi mini maganar, muna shanya zanen gadonsa. "Inna, ni ba gado nake jira ba, me ya ajiye ban da matattun agoguna? Baki kawai nake so ya buɗe ya ce ya yi mini ba daidai ba. Sau ɗaya. Shi ke nan."

Ana gobe zai rasu ɗan kwangila ya zo da la'asar, turarensa ya riga shi shigowa. Ina zaune a kujerar karatu, Nas tana ba uban romo da cokali.

"Yaya, jiki ya yi kyau! Wallahi ka fi ni ƙarfi."

"Ƙarya kake," in ji Mai Agogo. "Me ya kawo ka?"

Ɗan kwangila ya yi dariya, ya zauna a bakin gado. Ya ce zuriya za ta yi babban taro, za a buga bishiyar a raba wa kowane gida, har da zinariya a gefe. Masu ɗab'i suna jira. Matsala ɗaya ce, ramin nan na ƙasa.

"Ba ya kyan gani, Yaya. Kamar mutum ya yi ado ya buɗe baki ba haƙorin gaba. Surukaina za su gani. Ka ba ni suna ɗaya mu toshe."

"Ban da shi."

"To mu ce Mai Rijiya Ƙarami. Wa zai tashi daga kabari ya ƙaryata?"

"Baffa, yana cin abinci," in ji Nas.

"Ke, maganar maza muke yi."

Mai Agogo ya ture cokalin. Ya daɗe yana numfashi, ƙirjinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sannan ya ce, "Mace ce."

"Wace?"

"Wadda ke cikin giɓin. Mai Rijiya bai haifi namiji ba. 'Ya ɗaya ya bari, ita ta haifi Gajere. Shi ya sa babu suna. Ba mantawa aka yi ba, ƙin faɗa aka yi."

Ɗan kwangila ya miƙe tsaye. "Zazzaɓi ne ke magana. Ka san abin da kake faɗi? In ta mace muka biyo, ai mu ba 'yan gidan ba ne, 'ya'yan wani baƙo ne da ba a san ubansa ba!"

"Ƙila. Ban rantse ba. Amma duk inda na auna, nan yake zama daidai."

"Wa ya gaya maka?"

"Tsohuwar nan ta ƙauye. Makauniya. Ta ce kakarta in tana lallashin yaro takan ce, jinin Gajere, ɗan 'yar gida."

Na ga hannun Nas ya tsaya a kan kwano.

"Tun waccan tafiyar ka sani?" ta ce. Muryarta ba ta tashi ba.

"Tun ranar da na isa."

"Ka ƙara mako biyu a can."

"Ina neman namijin da zai faɗa mini wani abu daban. Na ce maganar tsohuwa ce."

A waje wani yana jan bokiti a kan siminti. Ɗan kwangila ya kakkaɓe rigarsa, ya ce Allah ya ba da lafiya, shi dai ya san abin da zai gaya wa masu ɗab'i. Takardar da na gani a hammatarsa ranar ta'aziyya ke nan. Na karanta ta daga baya: Mai Rijiya Ƙarami yana zaune a wurin, da manyan baƙaƙe.

Da ya fita na yunƙura zan bi bayansa, Nas ta yi mini alama da ido in zauna. Ta ɗebo romo, ta hura, ko da yake ya riga ya huce.

Abin da ya biyo baya shi ne ƙarshen maganarsa da wani ya ji, don washegari da hantsi ya cika.

Ya juyo da kansa a kan matashi, ta ɓangaren da take durƙushe. Idonsa ya ciko. Leɓensa ya yi ta motsi kafin sauti ya fito.

"Ki yafe mini."

Nas ta ajiye cokalin a hankali. Na ga kafaɗunta sun sauka, kamar wadda aka sauke wa tulu. Ta matso, ta kama yatsunsa masu baƙin gawayi.

"Baba, ai na..."

Sai ta lura ba ita yake kallo ba. Ta bi idonsa, ya wuce ta gefen kafaɗarta, ya gangara can gindin bango, inda danshi ya fara hawowa kan farin filin nan.

"Ki yafe mini, Kaka," ya ce. "Na san kina nan, na bar ki a waje."

Nas ta saki hannunsa. Ta ɗauki tsumma ta goge masa romon da ya zubo a haɓa.