Fulin Inci Shida

Ranar Alhamis ce, zafi ya kai maƙura a garin Chiniot, hadari ya haɗo daga wajen kogin Chenab ya ƙi zubowa. A tsakar gidansa Dilawar ya gama haɗa injin goge katako da injin tsohon famfon ruwa, da gungumen icce da ya naɗe da samfefa. Ya kunna, ya kara guntun katakon shisham. Cikin ƙiftawar ido ya yi sumul kamar kumatun jariri.

Can saman soro, inuwar wani rawani ta leƙo ta koma.

Ya san mai rawanin. Baffa Sarfaraz ne, ƙanin mahaifinsa, katanga ɗaya ta raba su. Shekara tara Dilawar ya yi a shagonsa yana gugar samfefa har zanen yatsunsa ya shafe, ko sau ɗaya tsohon bai ba shi ƙarfen sassaƙa ya riƙe ba. Bara da Dilawar ya ƙera injin murza ƙafar kujera, Baffa ya leƙa ya kwaikwaya, ya je teburin mai shayi yana cewa, “Wane Dilawar? Ɗan samfefan nan? A wurina ya gani.” Har yau dariyar ’yan kasuwa na yi masa amo a kunne.

Ya kashe injin, ya kwance fuli biyun da bel ke juyawa a kansu, ya musanya su. Babban mai inci shida ya koma jikin injin famfo, ƙaramin ya koma jikin gungumen. A haka gungumen zai yi gudun da ya wuce kima. Ya ja injin fili inda za a gani da kyau daga sama.

“Baban Rubina, ba haka yake ɗazu ba,” in ji matarsa Nasrin, tana murza gurasa.

“Ke da kika san inji, zo ki gyara mana.”

“Inji kam ban sani ba. Fuskarka na sani.”

“Ɓarawon zane ai ba ya tambayar awo. Bari ya sha dariyar da na sha.”

Da la'asar Baffa ya shigo, wai aron ashana. Idonsa na kan injin, yana auna fulin da ɗan yatsa a fakaice.

“Wannan tarkacen fa, ɗana? Niƙan barkono za ka fara?”

“Wasa ne kawai, Baffa. Ina ni ina aikin manya?”

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, aka ji ƙara daga bayan katanga, wani irin kuka mai tsini da ya yi ta hawa. Dilawar ya ajiye kofin shayinsa yana murmushi, yana jiran warin ƙonannen katako da zagin tsoho. Sai wani abu ya fashe. Sai shiru. Sai ihun matar Baffa.

Ya haura katangar ba takalmi. Gungumen injin da Baffa ya kwaikwaya ya tsage biyu, ƙofar masallaci da Baffa ya yi wata uku yana sassaƙawa ta dare tun daga sama. Tsohon na zaune a ƙasa, ya naɗe hannun dama da rawaninsa, rawanin ya rine.

Ya ɗago ya dubi Dilawar, ba fushi a idonsa.

“Kada ka kunna naka, ɗana,” ya ce a hankali. “Akwai kuskure a awonka. Zai cinye maka hannu.”

Dilawar ya durƙusa gabansa. Ya ɗauke shi a baya ya yi bakin titi neman mota.

Abin da aka rasa ranar: ƙofa ɗaya, inji ɗaya, yatsu uku, da furen yasmin mai ganye bakwai wanda duk unguwar Baffa kaɗai ya iya fitar da shi a jikin katako.